Zuwa Gidan 'Yan Benedik a Hamada Domin Shiru da Addu'a: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini

Tun ranar da na yi suɓutar baki a taron zumuntar maza a nan Gombe, na ce lokacin da na kai wa 'yata ziyara a Amurka na yi kwana huɗu a wani gida cikin hamada inda ba a hira, ban sake hutawa ba. A bakin coci a tare ni, a tashar mota a tare ni, har a wajen biki a Billiri wani dattijo ya ja ni gefe yana tambaya. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda. Wanda ya gaji da karatu yana iya tsallakawa zuwa wadda ta dame shi.

Wai su wane ne 'yan Benedik ɗin nan? Fada ne su ko kuwa?

Maza ne 'yan Katolika da suka bar aure da mallakar dukiya, suka yi alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa, ƙarƙashin shugaba ɗaya da suke kira Abba, wato uba. Waɗansu a cikinsu Fada ne, waɗansu kuma 'yan'uwa ne kawai da ba a naɗa ba. Akwai gidajen mata ma, da tasu shugabar. Bambancinsu da Fadan da muka sani a Ikilisiya shi ne su ba a yi musu canjin wurin aiki daga Kaltungo zuwa Azare. Inda mutum ya shiga, a nan yake sa ran za a binne shi.

Sunan ya samo asali daga Waliyi Benedik, wanda aka haifa wajen shekarar 480 a Nursiya ta ƙasar Italiya. An tura shi karatu Roma, rayuwar birnin ta gundure shi, ya gudu ya yi shekara uku a cikin kogo a Subiyako. Daga baya ya kafa babban gida a Monte Kasino, inda ya rasu wajen 547. Abin da ya bari shi ne 'yar ƙaramar ƙa'idar zama mai babi 73, wadda har yau ake karanta ta a gidajensu kullum. Kalmar farko a cikinta ita ce "Saurara". Wanda ya riƙe wannan kalma ya fahimci rabin abin da zan faɗa a ƙasa.

Me ya kai addu'a hamada? Allah ba ya ji a gari ne?

Yana ji mana. Mu ne ba ma ji. Al'adar ta girmi Benedik: tun a ƙarni na uku da na huɗu mutane irin su Waliyi Antoni, wanda ya rasu a 356, suka fita hamadar Masar suka zauna, jama'a na bin su don neman kalma ɗaya ta shawara. Su kuma sun duba Littafi Mai Tsarki ne: Musa, Iliya a Dutsen Horeb da ya ji Allah cikin 'yar siririyar murya bayan iska da girgizar ƙasa da wuta sun wuce, Yohanna Mai Baftisma, da Yesu kansa kwana arba'in a jeji.

Maƙwabtanmu Musulmi ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san i'itikafi a goman ƙarshe na azumi, sun kuma san halwa. Wani abokina malamin makarantar allo da na ba shi labari cewa ya yi, "To ai halwa ka shiga, Malam, sai dai ka yi nisa." Ban yi masa musu ba.

Ina ne ainihin wurin da ka je, kuma yaya ake isa?

Sunansa Christ in the Desert, ma'ana Almasihu a Hamada. Yana jihar Niyu Meziko a kudu maso yammacin Amurka, a cikin kwarin Kogin Chama, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Abiquiu. Fada Aelred Wall ne ya kafa shi a 1964, tare da 'yan'uwa daga gidan Mount Saviour na jihar Niyu Yok. Ya zama cikakken gida mai Abba nasa a 1996. Wanda ya zana majami'ar shi ne George Nakashima, gwanin aikin katako ɗan asalin Japan haifaffen Amurka. Da ƙasa da dutse aka gina ta, kalar jikinta ta saje da duwatsun bayanta, sai ka ce ginin gargajiya na Zazzau aka ɗauko aka dasa a gindin tsauni. Thomas Merton, sanannen marubucin nan ɗan zuhudu, ya ziyarci wurin a 1968, shekarar da ya rasu.

Jirgi zai sauke ka a Albuquerque. Daga nan sai mota zuwa arewa, ka wuce Santa Fe, ka bi babbar hanya mai lamba 84. Bayan ka wuce Abiquiu akwai wata hanyar burji mai lamba 151 da ta ratse hagu, mil 13 ce, kimanin kilomita 21. Kada tsawon ya ruɗe ka. Hanya ce siririya mai kwana-kwana, wani wurin kogi na can ƙasa da kai, kuma ƙasar wurin laka ce mai santsi idan ta sha ruwa. Duk wanda ya taɓa shiga ƙauyukan bayan Dadin Kowa da damina ya san irinta. Mu mun ci kusan awa guda a kanta, surukina na tuƙi yana ta salati irin nasa. Babu motar haya da ke shiga, saboda haka ko ka yi hayar mota ko ka sami mai kai ka ya kuma dawo ya ɗauke ka. Ka shiga da rana tsaka, kada ka yarda dare ya same ka a kanta.

Shirun nan, ba a magana ne kwata-kwata?

Ana yi, amma sai da dalili. Ɗan'uwan da ke kula da baƙi zai gaishe ka, ya nuna maka ɗaki, ya amsa tambayarka. Abin da babu shi ne hira don hira. Mu da gaisuwa kaɗai kan ci mana minti biyar, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya sanyi, a nan ne abin ya fi yi mana ciwo. Ranar farko na haɗu da wani tsohon ɗan'uwa a hanya, bakina ya buɗe da kansa, shi kuwa ya ɗan sunkuyar da kai ya yi murmushi ya wuce. Na tsaya ina tunanin ko na yi masa laifi. Ashe gaisuwar ke nan, kuma cikakkiya ce.

Akwai shiru mai nauyi da ake kira Babban Shiru, daga addu'ar ƙarshe ta dare har zuwa safiya. Babi na 42 na ƙa'idar ne ya kafa shi, kuma a wannan lokaci ko su kansu ba sa cewa uffan sai da larura. Abin da shirun ke yi wa mutum daga ciki wani batu ne daban, na yi shi a amsar tambayar "Me zan yi da kaina".

Yaya yini yake tafiya?

Ƙararrawa ce ke mulki. Benedik ya ɗauki ayar Zabura 119:164, inda mai zabura ya ce sau bakwai a rana yake yabon Allah, ya ƙara addu'ar dare a kai. A gidan da na je, addu'ar farko wajen ƙarfe huɗu na asuba take farawa. Sai ta fitowar rana, sai Hadaya Mai Tsarki, wato babbar sujadar Katolika, sai 'yan gajerun addu'o'i da hantsi da tsakar rana da azahar, sai ta yamma, sai ta rufe yini bayan magariba. Ƙashin bayan dukansu Zabura ne. Ƙa'idar ta ce a rera dukan 150 cikin mako guda. Ba ganga, ba tafi, ba lasifika. Ɓangare ɗaya ya rera aya, ɗayan ya amsa, a hankali kamar masu daka biyu a turmi ɗaya.

Tsakanin addu'o'in akwai aiki, domin Benedik ya rubuta cewa zaman banza maƙiyin rai ne. Ana gayyatar baƙi su sa hannu da safe: shara, lambu, wanke-wanke. Ni tsintsiya aka ba ni. Ba a tilasta wa baƙo halartar kowace addu'a, amma shawarata kada ka bar ta asuba ta wuce ka. Za ka fito daga masauki cikin duhu da tocila, ka taka 'yar tafiya zuwa majami'a, taurari sun cika sama kamar daren ƙauye da babu wuta. Kana zaune ana rerawa, ta manyan tagogin da ke sama sai ka ga dutsen ya fara fitowa daga duhu, daga baƙi ya koma toka, daga toka ya koma ja. Lokutan sukan ɗan canza ranar Lahadi da ranakun idi, sai ka bi takardar da za ka tarar a ɗaki.

Ni ɗan ECWA ne, matata 'yar COCIN. Za su karɓe mu? Musulmi fa?

Za su karɓa. Babi na 53 ya ce duk baƙon da ya zo a karɓe shi kamar Almasihu, bisa maganar Matiyu 25:35, kuma ba a tambayar katin baftisma a ƙofa. Iyaka ɗaya ce: karɓar Jibi Mai Tsarki na 'yan Katolika ne. Idan aka tashi karɓa, kai ka zauna a wurinka, ba wanda zai dube ka. Zaburar kuwa tamu ce duka, ɗan ECWA da ya tashi da haddar aya zai ma fi wani ɗan Katolikan jin daɗinta.

Musulmi da ma wanda ba ya bin kowane addini suna zuwa irin waɗannan gidaje. Abin ba sabo ba ne a Afirka. 'Yan Benedik sun zauna a Tumlilin ta ƙasar Maroko daga 1952 zuwa 1968, suna karɓar Musulmi da Kirista a taruka tare. Gidan Keur Moussa na Senegal, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1960, yana tsakiyar Musulmi ne, kuma da molon nan na Mandinka da ake kira kora suke rera Zabura. Abin da ake nema wurin kowa shi ne ya girmama shirun da dokar gida.

Mata suna zuwa? Yara fa?

Mata suna zuwa, da aure ko babu, masaukin baƙi na kowa ne. Sai dai akwai sashen da 'yan'uwan ke kwana wanda baƙo ba ya shiga, namiji ko mace. Yara ƙanana kuwa, ki yi wa kanki da su adalci, Mama, ki bar su wurin kaka.

Me ake ci? Zan iya tafiya da garin tuwo?

Abinci mai sauƙi ne: burodi, wake, shinkafa, ganye, miya, wani lokaci kifi ko ƙwai. Benedik ya hana naman dabba mai ƙafa huɗu sai ga marar lafiya, gidaje da yawa kuma suna riƙe da wannan, saboda haka ka cire tsire da balangu daga ranka. Ana ci shiru, a al'adarsu mutum ɗaya na karatu da ƙarfi sauran na saurare. Kuma suna ci da sauri fiye da yadda za ka zata. Ranar farko ina tsakiyar kwano na ga kowa ya aje cokali.

Garin tuwo ba shi da amfani, ba inda za ka tuƙa. Abin da na yi kewarsa yaji ne, ko da yake mutanen Niyu Meziko ba baya ba ne wajen barkono. Kilishi kuwa kada ka soma, jami'an filin jirgin Amurka ba sa barin nama ya shiga. Mai ciwon suga ko hawan jini ya faɗa tun lokacin neman ɗaki, ya kuma tafi da maganinsa isasshe, domin kantin magani mafi kusa yana bayan hanyar burjin da na ambata a sama.

Nawa ake biya, kuma yaya ake neman ɗaki?

Ba otal ba ne. Akwai gudummawar da suke ba da shawarar a bayar kowane dare, kuma da ita da ɗan abin da suke sayarwa a shagonsu suke riƙe gidan. Adadin yana canzawa, sai ka duba shafinsu na intanet. Ta nan ake neman ɗaki, kuma a nema da wuri, domin ɗakunan kaɗan ne, lokacin Ista da Kirsimeti kuwa sai wanda ya riga. Mafi ƙarancin zama kwana biyu ne. Kada ka yi irin tamu ta "na zo wucewa ne na ce bari in leƙo" da jaka a hannu. Mai yini ɗaya yana iya zuwa ya ga majami'a ya yi addu'a ya koma, amma kwana sai da shiri.

Gaskiyar magana, kuɗin ɗaki shi ne ƙaramin abu. Jirgi da biza su ne dutsen. Wannan na bar shi ga amsar da ke magana kan wurare na kusa.

Me zan saka a jaka?

Kayan sanyi, ko da wane wata ne. Mutanenmu da sun ji hamada sai su tuna zafin Afrilu a Bajoga. Wannan hamadar tudu ce, tsayinta daga teku ya kai wajen mita 2,000, ta fi Jos nesa ba kusa ba. Da rana ana iya zufa, da asuba haƙora na kaɗawa, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙanƙara na sauka. Yuli da Agusta su ne watannin ruwan sama da ke ɓata hanya. Saboda tsayin wurin za ka ji numfashi na yi maka wuya kwana ɗaya ko biyu, leɓe na tsagewa kamar da hunturu. Man kaɗanya ya yi mini rana.

Sai tocila, takalmi rufaffe saboda duwatsu da macizai, gorar ruwa, agogon hannu mai ƙararrawa, Littafi Mai Tsarki naka na Hausa, da littafin rubutu. Tufafi masu mutunci, ba masu ƙyalli ba. Babbar riga mai sitati tana ƙara idan ka motsa, kuma a wurin da ba a magana kowa zai ji ta.

Da gaske babu sabis na waya?

Babu. Tun kana kan burji zai ɗauke. Wutar gidan ma daga hasken rana suke samunta, layin lantarki bai kai can ba. Abin dariya, waɗannan mutanen da ke ƙarshen duniya sun yi suna a shekarun 1990 wajen tsara wa mutane shafukan intanet don neman abin kai. Ka faɗa wa iyali tun kafin ka shiga cewa za ka ɓace kwana kaza, ka bar musu hanyar tuntuɓar gidan idan abu ya taso. Ni sai da na ƙirga, ranar farko sau goma sha ɗaya na laluba aljihu ina neman wayar da na san tana kashe a cikin jaka.

To me zan yi da kaina duk tsawon wannan shiru? Ina tsoron gundura.

Wannan ita ce tambayar gaske, kuma ba kasafai ake yin ta a gaban mutane ba. Gundura za ta zo, amma ba ita ce babba ba. Yinin farko barci za ka yi ta yi, kada ka ji kunya, gajiyar shekaru ce ke fita. Dare na biyu ne mai wuya. Da hayaniyar waje ta ɗauke, ta ciki sai ta tashi. Ni abin da ya taso mini rigimar gona ce da ƙanena, maganar da na ɗauka na binne shekara tara. Na kwanta ina shirya masa amsa, ina kawo shaidu, ina cin nasara a shari'ar da ba kowa a kotun sai ni. Da ƙararrawar asuba ta kaɗa na je majami'a da fushina, aka rera Zabura ina ji kamar da ni ake. Tsofaffin hamadar Masar sun san wannan sarai, shawararsu ga sabon zuwa ita ce ya zauna a ɗakinsa kada ya gudu.

Abin da ya taimake ni shi ne irin karatun da suke yi. Ka ɗauki 'yan ayoyi kaɗan, biyar ko shida, ka karanta a hankali da leɓe, ka sake, har wata kalma ta tsaya maka. Sai ka tsaya a kanta kana juya ta kamar saniya mai tuƙa, ka faɗa wa Allah abin da ta tayar maka, sa'an nan ka yi shiru. Kada ka zo da buri na gama Ishaya cikin kwana uku. Idan kai ya yi zafi, fita ka taka zuwa bakin kogi. Idan kuma abin ya fi ƙarfinka, ka gaya wa mai kula da baƙi kana so ka ga Fada, don shawara ko don furta zunubi.

Wanda ke cikin sabon makoki mai tsanani ko ciwon damuwa, ina roƙonsa ya fara magana da likita da Fadansa ko Fastonsa kafin ya je. Shiru yana ƙara wa abin da ka zo da shi murya, kuma a can ba asibiti kusa.

Za su ɗora mini hannu, su gaya mini wanda ya sa mini hannu a kasuwa?

A'a. Idan wannan kake nema, ka ajiye kuɗinka. Ba sa annabci, ba sa ba da mai ko ruwa, ba daren farkawa mai ihu. Kana iya rubuta roƙonka su sa shi cikin addu'arsu, shi ke nan. Mun saba da auna addu'a da ƙarfin murya da yawan zufa, har wani ya tambaye ni ko mutanen nan suna da Ruhu kuwa. Na ce masa mutumin da ya yi shekara arba'in yana tashi kafin ƙarfe huɗu don rera Zabura, ba albashi ba mai kallo, ni dai ba zan iya auna shi ba.

Biza ta gagara, kuɗin jirgi ya fi ƙarfina. Babu irin wannan a kusa?

Akwai, kuma da ni za a bi, da nan za a fara. Bizar Amurka sai an nema ta ofishin jakadancinsu a Abuja ko Legas, dokokinta ga 'yan Nijeriya sun ƙara tsauri kuma suna yawan canzawa. Ni ma da ba don 'yata na can ba, da ban je ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya sayar da gona ko shanu don wannan tafiya ba.

A Ewu ta jihar Edo akwai gidan Waliyi Benedik, wanda 'yan'uwa daga Glenstal ta ƙasar Ailan suka kafa a 1979. Da yawa sun san shi ta magungunan ganye na Pax, ba su san gidan addu'a ba ne. Daga Bauchi sai ka bi Jos, Abuja, Lokoja, Okene, Auchi, yana kan hanyar Benin. A Awhum kusa da Inugu akwai gidan 'yan Sistashiya, waɗanda su ma ƙa'idar Benedik suke bi, har ma da ƙarin tsanani. Can ta Lafiya da Makurɗi ake bi, sai dai wurin yana cika da masu ziyara saboda kogo da ruwan da ke zubowa daga dutse, mai neman shiru ya kauce wa ƙarshen mako. Gidan mata na Benedik yana Umuoji a jihar Anambra. Ba hamada ba ce ko ɗaya, kurmi ne da ruwan sama, amma ƙararrawa ɗaya ce, Zabura ɗaya, Babban Shiru ɗaya. Fadan Ikilisiyarka ko ofishin Dayosis na Bauchi, wanda ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe, za su iya haɗa ka da su.

A Sahara fa, tunda ga ta nan bayan Agadas?

Gidajen zuhudu na hamadar Masar, irin na Wadi Natrun da na Waliyi Antoni kusa da Bahar Maliya, suna nan da ransu kuma ana ziyartarsu, amma na Kibɗawa ne, tsarinsu daban da na Benedik. A Aljeriya akwai wurin da Charles de Foucauld, wani Fada ɗan Faransa, ya keɓe a tsaunin Assekrem kusa da Tamanrasat, garin da aka kashe shi a 1916. Shi ma ba ɗan Benedik ba ne. Kada wani ya ce zai bi ta ƙasa daga Agadas da sunan ziyarar ibada, mun san abin da hanyar nan ta ci.

Tsaro fa, musamman a gidajen cikin Nijeriya?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan rufe ta da "Allah zai kiyaye" kawai ba. A watan Oktoba na 2023 'yan bindiga sun shiga gidan 'yan Benedik da ke Eruku a jihar Kwara da dare, suka tafi da mutum uku, suka kashe ɗaya, Ɗan'uwa Godwin Eze. Keɓewar da ke sa wurin ya yi daɗin addu'a ita ce ke sa shi a fili. Kafin ka tashi, kira mai kula da baƙi ka tambaye shi halin da ake ciki a wannan makon, ba na bara ba. Ka yi tafiyar rana, ka raba ta biyu ka kwana a Abuja ko Lokoja, ka shiga motar tasha ba ta bakin hanya ba, kuma kada ka sanar a Facebook inda za ka sai bayan ka dawo.

Kwana nawa ya kamata mai zuwa karon farko ya yi?

Uku ko huɗu. Biyu sun yi kaɗan, domin za ka tafi ne daidai lokacin da abin ya fara ciwo, kamar yadda na bayyana game da dare na biyu. Mako guda kuma ya yi wa sabon shiga yawa. Ka bar wa kanka yini ɗaya bayan fitowa kafin ka koma aiki. Ni da muka hau kwalta waya ta kama sabis, saƙo sittin da wani abu suka shigo a jere, na farkonsu daga ƙanena ne yana tambayar ko na ga kuɗin taki da ya turo.